Annobar da ke cin murjani a teku: an rufe wa masu nutso ƙofa, amma daga ina cutar take shigowa?

Alhazan Sakkwato da suka taɓa samun sarari suka shiga tsohon garin Jidda, wajen da ake kira Balad, sun ga dogayen gidajen nan masu tagogin katako da suka turo kan titi. Wanda ya matsa jikin bango, inda yaɓe ya ɓantare, zai lura dutsen ginin ba irin namu ba ne. Fari ne, ba shi da nauyi sosai, kuma duk jikinsa ƙananan ramuka ne a jere, kowane rami da ɗan zanen tauraro a cikinsa. Murjani ne aka sassaro daga gaɓar Bahar Maliya aka yi gini da shi. Da irinsa aka gina Suwakin ta ƙasar Sudan, inda kakanninmu masu tafiya Makka a ƙasa suke shiga jirgin ruwa, da shi kuma aka gina tsohon garin Zanzibar. Kowane rami a jikin dutsen nan ɗakin wata 'yar dabba ne da ta rayu a ciki har ta mutu.

Mu a nan abin da muka fi sani da murjani shi ne jan dutsen ado da iyayenmu mata ke ɗaurawa a wuya da hannu, sai kuma ambatonsa tare da lu'ulu'u a Suratur Rahman. Wancan ja na ado ɗan'uwa ne ga wanda zan yi magana a kai, kuma akasari daga Bahar Rum ake samo shi. Maganata a kan murjanin da ke gina tuddai a ruwa mai ɗumi marar zurfi ce, wanda miliyoyin mutane ke biyan kuɗi su nutsa su kalla, wanda kuma cututtuka suka sa gaba tun shekarun 1970. Duk inda sabuwar cuta ta ɓulla, abin da hukuma ke fara yi shi ne rufe wuraren nutso da tilasta wa baƙi wanke kayansu. Ban ga laifin wannan ba. Abin da ke damuna shi ne a tsaya a nan, domin idan aka tsaya a nan an bar jaki ana dukan taiki.

Murjani dabba ne, ba tsiro ba. Kowace ɗaya ba ta wuce 'yan milimita ba a yawancin ire-irensa. Jikinta taushi gare shi, bakinta ɗaya a sama, kewaye da 'yan siraran hannuwa da take miƙowa da dare ta kama abinci. Tana zuƙo sinadari daga ruwan teku ta gina wa kanta ƙoƙon dutse ta zauna a ciki. Sai ta tsage biyu, biyu su zama huɗu, har dubbai su haɗu su zama curi guda, fata ɗaya ta lulluɓe su duka. Wannan siririyar fatar ita kaɗai ce mai rai, duk abin da ke ƙarƙashinta ƙashi ne da na baya suka bari. Sinadarin ƙashin shi ne dai na farin dutsen da ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti, domin shi ma na Kalambaina ragowar ɓawon halittun ruwa ne daga zamanin da teku ta rufe wannan yanki namu, kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce. Ginin kuwa a hankali yake tafiya. Manyan curi masu kauri ba su cika ƙaruwa da fiye da santimita 1 zuwa 2 a shekara ba, don haka curin da ya kai tsayin mutum ya girmi kakan kakanka.

A cikin naman dabbar akwai wasu ƙwayoyin gansakuka da ido ba ya gani. Su ke amfani da hasken rana su haɗa abinci, su ba mai masaukinsu kaso mafi tsoka, har kusan kashi 90 cikin 100 na abin da take rayuwa da shi, kuma su ke ba ta launi. Shi ya sa murjani mai gina tudu ba ya son ruwa mai laka ko mai sanyi ko mai zurfin da rana ba ta kaiwa. Shi ya sa kuma gaɓar tekun Najeriya ba ta da manyan tuddan murjani, saboda lakar da Kwara ke kwararawa cikin teku ba ta barin haske ya ratsa. A duniya baki ɗaya tuddan nan ba su rufe ko kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nau'o'in halittun teku a jikinsu suke samun abinci ko mafaka ko wurin haihuwa.

Nutson da muka sani a wajen Sarkawa da Kabawa na riƙe numfashi ne, a shiga a fito. Wanda ake magana a kai a nan na goya tukunyar iska ne a baya, da tiyo a baki, da gilashi a fuska, da faffaɗan takalmin roba a ƙafa. A 1943 wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Émile Gagnan, suka ƙera na'urar da ke sakar wa mutum iska daidai lokacin da ya ja numfashi, daga nan abin ya fita daga hannun sojoji da ma'aikatan tashar ruwa ya zama shaƙatawa. Sabon shiga ba ya wuce zurfin mita 18, kuma iyakar masu yin sa don nishaɗi mita 40 ce. Kada a ɗauka wasan masu kuɗi ne kawai da bai shafi talaka ba. Wani bincike da aka fitar a 2017 ya ƙiyasta cewa yawon buɗe ido da ya dogara da tuddan murjani yana kawo dala biliyan 36 a shekara, kimanin biliyan 19 daga ciki daga masu shiga ruwan ne kai tsaye. Baƙo shi ke biya, amma masu ci su ne direban kwale-kwale, da yaron da ke cika tukwanen iska, da jagoran da ya san kowane lungu na ƙarƙashin ruwa, da mai dafa abinci, da mai tasi. Akwai tsibiran da idan ka cire wannan sana'a babu abin da ya saura.

Abu biyu ne mutane ke cakuɗawa, koɗewa da cuta. Koɗewa ita ce idan ruwa ya yi zafi, ko da da digiri 1 ne sama da abin da aka saba a lokacin bazara, ya kuma daɗe makonni a haka, sai dabbar ta fitar da gansakukan da ke cikinta. Namanta ya koma garai-garai, ana hango farin ƙashi ta ciki. Ba ta mutu ba tukuna, yunwa ce ta kama ta, kuma idan ruwan ya huce da wuri tana iya farfaɗowa. An yi irin wannan ta game duniya a 1998, da 2010, da 2014 zuwa 2017, sai ta huɗu da aka tabbatar a watan Afrilun 2024. Cuta kuwa daban take. Ƙwayar bakteriya ce ko fumfuna ko wata halitta take cin naman da kansa, ta bar ƙashi tsirara, kuma inda ta ci ya tafi. Sai dai biyun suna tafiya tare. Makiyayi ba ya buƙatar dogon bayani a nan: ya san saniyar da rani ya ramar ita ciwon huhu ke fara kayarwa, ya san a mashaya ɗaya garke ke kwasar cuta, ya kuma san dalilin da likitan dabbobi ke cewa a tsare garken da ya kamu. Bambancin kawai, shi makiyayi yana iya kora dabbobinsa gaba, murjani kuwa a manne yake, duk abin da ruwa ya kawo masa shi zai sha.

Tarihin cututtukan a tekun Karibiyan aka fi saninsa. A 1973 aka fara bayyana cutar baƙin zobe a Beliz, wani baƙin layi na ƙwayoyin cuta da ke rarrafawa a kan curi yana barin fari a bayansa. A ƙarshen shekarun 1970 cutar farin zobe ta faɗa wa nau'i biyu masu rassa kamar ƙahon barewa, waɗanda su ne ginshiƙin tuddan yankin, ta kashe fiye da kashi 80 cikin 100 nasu, har a 2006 Amurka ta sa su cikin jerin halittun da ake tsoron ƙarewarsu. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: a 1983 zuwa 1984 wata annoba ta kashe sama da kashi 90 cikin 100 na baƙar bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi, wadda aikinta shi ne kiwon ciyawar ruwa a kan tuddan. Da mai kiwo ya tafi, ciyawa ta rufe duk inda jaririn murjani zai sauka ya kama. A Jamaika murjani mai rai ya sauko daga kusan rabin faɗin tudu a shekarun 1970 zuwa ƙasa da kashi 5 cikin 100 a farkon shekarun 1990.

Akwai wata da ya kamata a tsaya a kanta, mai fitar da fararen tabo a jikin murjani mai ƙaho a tsibiran kudancin Fulorida ta Amurka. A 2002 masu bincike suka gano bakteriyar da ke jawo ta, Serratia marcescens, wadda ake samu a hanjin ɗan Adam. A 2011 aka tabbatar cewa irin da ke cikin ruwan masai na mutane ita ce ke kashe murjanin. Wato daga sokawen gidaje da otal-otal take tsiyaya ta cikin dutse mai ramuka ta isa teku. Ba mai nutso ne ya kai ta da takalminsa ba.

Wadda ta fi duka muni ita ce ta yanzu, mai sa naman murjani saɓulewa. An fara ganinta a 2014 a gaɓar Mayami ta Fulorida, a daidai lokacin da ruwa ya yi zafi kuma ake yashe hanyar jiragen ruwa ta tashar garin, laka ta turnuƙe wurin. Har yau masana ba su tsayar da ƙwayar da ke haddasa ta ba, wasu na zargin bakteriya, wasu na zargin bairos da ke kama gansakukan da ke cikin naman. Amma aikinta a fili yake. Ka ɗauki curin da ake kira murjanin ƙwaƙwalwa, mai zane lanƙwashe-lanƙwashe a jikinsa, launinsa ruwan ƙasa da ɗan kore. Sai wani farin tabo ya fito a gefe, ko biyu ko uku a lokaci guda. A bakin tabon naman yana ɗagowa yana yagewa, idan ruwa ya kaɗa sai ka ga zare-zarensa na tashi. Farin da ya bayyana tas yake, alamar yanzu-yanzu aka ci shi. Bayan 'yan kwanaki gansakuka ta fara hawa tsakiyarsa ya koma ɗorawa-ɗorawa, sannan kore, alhali bakin tabon yana ci gaba da faɗaɗa. Cikin makonni ko 'yan watanni curin da ya yi shekara 200 yana girma ya zama dutse kawai.

Abin da ya bambanta ta da na baya shi ne yawan nau'o'in da take kamawa, sama da 20, kuma manyan masu kauri da suka tsira daga annobar farko su ta fi so. Ba ta kuma lafawa idan sanyi ya shigo. Zuwa 2021 ta game tuddan Fulorida kaf, tsawon kimanin kilomita 560. Ta isa Meziko a 2018, Beliz a 2019, tsibirin Roatán na Honduras da tsibiran Cayman a 2020, Bonaire a 2023. Murjani mai tsayuwa kamar ginshiƙi, wanda masu nutso ke ɗaukar hoto a gindinsa, ya rasa fiye da kashi 90 cikin 100 na namansa a Fulorida cikin shekara shida, har masana suka ce waɗanda suka rage sun yi nisa da juna da yawa, ba za su iya hayayyafa da kansu ba.

To, me wannan ke yi wa wurin nutso? Ba a rana ɗaya wuri ke lalacewa a idon baƙo ba. Shekarar farko ƙasusuwan suna tsaye, kifi na nan, wanda bai san wurin da can ba ma yana iya cewa ya yi kyau. Daga baya tsutsotsi da soson ruwa masu huda dutse su rarake shi, guguwa ta zo ta karya, tudu mai lunguna da koguna ya baje ya zama fili. Ƙananan kifaye su rasa maɓoya, manya masu cin su su ƙaura. Mai nutso da ya tara kuɗin shekara don tafiya guda ba zai koma inda ya ga kufai ba, zai kuma faɗa wa abokansa a intanet. Akwai kuma asarar da ba ta shafi baƙo ba: lafiyayyen tudu yana karya kusan kashi 97 cikin 100 na ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso gaɓa, don haka idan ya baje gidajen masunta ne a gaba.

A ranar 7 ga Oktoban 2019 hukumar gandun Meziko ta rufe wani sashe na tuddan tsibirin Cozumel, har da wuraren nutso na Palancar da Colombia, waɗanda sunansu ne ke kawo masu nutso tsibirin daga ko'ina. An buɗe a tsakiyar Disamba, daga baya aka koma hutar da wurare bi da bi. A Cayman an rufe wuraren nutso da dama a arewacin babban tsibirin a 2020. Bonaire, ɗan tsibirin da ke kusa da Benezuwela ƙarƙashin Holan, wanda tun 1979 ya mai da ruwan da ke kewaye da shi gandu, tun 1992 kuma yake karɓar kuɗin kula da shi daga hannun kowane mai nutso, ya fito da taswira mai launi uku. Kore inda cuta ba ta kai ba, ruwan lemo inda ake zargi, ja inda ta kama. Aka hana mutum fitowa daga ja ya shiga kore, aka ajiye bahon ruwan magani a bakin gaɓa, duk wanda ya fito ya tsoma kayansa. Tsarin ya yi kyau, mutane kuma sun bi shi gwargwado. Duk da haka ja ya ci gaba da cin taswirar, a can da Cayman duka, domin igiyar ruwa ba ta neman izinin kowa.

Kada a fahimce ni da cewa masu nutso ba su da laifi. Suna da shi. Wani bincike a tsibirin Koh Tao na Tailan da aka buga a 2014 ya nuna cutar murjani ta ninka sau uku a wuraren da masu nutso suka fi yawa idan aka gwada da inda ba a cika zuwa ba. Dalilin a bayyane yake. Sabon shiga bai iya tsayar da jikinsa a tsakiyar ruwa ba, sai ya dafa, ko ya shura da takalmi, ko ya tayar da yashi ya zuba a kan curi. Kowane ƙwarzane ƙofa ce ga cuta. Mai kwale-kwale ya jefa ƙugiya ta faɗa kan abin da ya yi shekara 50 yana girma. Waɗannan duka ana iya gyara su da ƙaramin kuɗi, kuma an gyara a wurare. A gaɓar Hurghada ta Masar an kafa ɗaruruwan turakun ɗaure jirgi a cikin ruwa don kada kowa ya jefa ƙugiya. A tsibirin Sipadan na Malesiya tun 2006 aka ƙayyade yawan masu shiga a rana. Tailan ta rufe Maya Bay daga 2018 zuwa farkon 2022. Inda cunkoso ne matsalar, hutu yana aiki.

Amma a duba ɗaya gefen. Cozumel da aka hana ƙananan kwale-kwale zuwa Palancar, tashar manyan jiragen yawon shaƙatawa ce da ke sauke fasinja fiye da miliyan 4 a shekara kafin korona. Gaɓar da ke fuskantarta cike take da otal-otal da aka gina a kan dutse mai shan ruwa, kuma sanannen abu ne cewa ba duk ƙazantar ruwansu ake tacewa yadda ya kamata ba. A Fulorida an yi gwaji na shekara uku, aka riƙa zuba sinadaran takin zamani a wasu ƙananan filaye na tudu aka bar wasu. Inda aka zuba, cuta ta ninka biyu, koɗewa ta ninka fiye da uku, kuma da aka daina, cikin ƙasa da shekara guda bambancin ya gushe. A Kaneohe ta Hawai an kawar da bututun masai daga cikin gaɓar a 1977 zuwa 1978, murjani ya dawo. Leda ma ta shigo ciki: binciken 2018 a kan tuddai 159 na Asiya da Fasifik ya nuna yiwuwar kamuwa da cuta tana tashi daga kashi 4 zuwa kashi 89 cikin 100 idan leda ko roba ta maƙale a jikin murjani. Rufe wurin nutso takarda ɗaya ce da sa hannun shugaban gandu. Gina matatar ruwan masai kuwa sai an fitar da kuɗi, sai an taka masu otal. Tsibiran kudancin Fulorida sun kashe abin da ya kusa dala biliyan 1 kafin su raba gidajensu da sokawe. Wannan shi ya sa gwamnatoci suka fi son na farkon, kuma wanda ke kwana da yunwa a watannin rufewar shi ne direban kwale-kwale, ba mai otal ba.

Wani abin da ake mantawa shi ne, masu nutson nan su ne idon hukuma a ƙarƙashin ruwa. A ƙasashe da yawa jagororin nutso ne suka fara ganin farin tabon suka kai rahoto. Su ne kuma hannun da ke ba da magani. Maganin da ya fi aiki zuwa yanzu zai ba mutumin Sakkwato mamaki, domin amoksisilin ne, wanda ake sayarwa a kowane kemis. Ana kwaɓa garinsa da wani man shafawa da aka haɗa musamman don ya manne a cikin ruwa, a ɗura a babban sirinji. Mai nutso ya sauka da sirinji, ya matso kwaɓin a yatsa, ya bi bakin tabon yana dannawa cikin ramukan ƙashi har ya zagaye shi, ya kafa lamba a gefe, ya ɗauki hoto, bayan wata guda ya dawo ya duba. A gwaje-gwajen Fulorida fiye da kashi 90 cikin 100 na tabon da aka shafa sun tsaya. Sai dai maganin ba ya hana sabon tabo fitowa a wani gefen curin, kuma aiki ne na curi ɗaya bayan ɗaya, da tukunyar iskar da ba ta wuce kamar awa guda. Akwai kuma fargabar da ni ma nake da ita, ta zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a teku har su saba da shi, shi ya sa ake gwada wasu bakteriya masu amfani da za su kare murjanin a madadinsa. Ban da wannan, an ciro lafiyayyun curi kusan 2,000 kafin cutar ta iso gare su aka rarraba a gidajen ajiye halittun ruwa na Amurka, kuma a 2019 wani irin gida a Tampa ya yi nasarar sa murjani mai ginshiƙi ya yi ƙwai a cikin tanki.

Duk wannan wahala zafi yana iya share ta a bazara guda. A watan Yulin 2023 wani ma'auni a Manatee Bay ta kudancin Fulorida ya nuna ruwa ya haura digiri 38, ma'aikata suka riƙa kwashe murjanin da suke reno a teku suna gudu da shi tankunan da ke kan ƙasa, kuma mafi yawan masu ƙaho da aka dasa a tsibiran suka mutu. Rahoton masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ce idan ɗumamar duniya ta kai digiri 1.5 za a rasa kashi 70 zuwa 90 cikin 100 na tuddan murjani, idan ta kai 2 kuwa sama da kashi 99. Tsakanin 2009 da 2018 kaɗai an rasa kashi 14. Zafin da ke kwantar da mu a watan Afrilu a Sakkwato da wanda ke dafa ruwan Karibiyan tushensu ɗaya, kuma mu da masuntan can ba mu ne muka fi hura wutar ba.

Akwai wata alaƙa da yankinmu da ta fi wannan kusa. Ƙurar Sahara da muke shaƙa da hunturu ba a nan take tsayawa ba. Tauraron ɗan Adam ya auna kimanin tan miliyan 182 nata da ke fita ta yammacin Afirka kowace shekara, wani kaso ya sauka a dajin Amazon, wani a Karibiyan, kuma ƙwarin Bodélé na Chadi yana cikin manyan wuraren da take tasowa. A tsibirin Barbados ana auna ta tun 1965, aka ga ta ƙaru sosai a shekarun farin da dattawanmu ba su manta ba, na farkon shekarun 1970 da na 1983 zuwa 1984. Ganin shekarun sun zo daidai da mace-macen murjani da bushiyar teku, wani masanin Amurka, Eugene Shinn, ya kawo ra'ayin a 2000 cewa ƙurar na ɗauke da ƙwayoyin cuta, musamman fumfunar da ta kama murjani mai kama da mafici a shekarun 1990. Wasu masanan ba su yarda ba, domin fumfunar tana nan a ruwa da ƙasa a wurare da yawa. Abin da aka fi amincewa da shi shi ne ƙurar tana ɗauke da sinadarin ƙarfe, kuma idan ta sauka a teku wasu bakteriya suna yaɗuwa da sauri. Ko ma wane ɓangare ke da gaskiya, ni dai ina ganin duk itacen da aka dasa a Gudu ko Illela ya riƙe ƙasa, amfaninsa ya wuce iyakar jiha.

Bahar Maliya, wadda ita ce tekun murjani mafi kusa da zuciyarmu, ta ɗan fi sauran sa'a. Murjanin arewacinta, wajen Aƙaba, yana jure zafin da zai kashe na wasu wurare, shi ya sa masana ke sa rai da shi. Amma ita ma ba ta tsira ba. A 2022 annoba ta sake faɗa wa bushiyar teku a Karibiyan, aka gano wata halitta mai ƙwayar rai ɗaya ce ke cinye ta, kuma kafin a ankara irin wannan mutuwa ta bayyana a Aƙaba a ƙarshen shekarar zuwa farkon 2023, ta bi Bahar Maliya ta gangara. Cuta ta tsallaka daga wata teku zuwa wata cikin watanni.

Wannan ne ya sa ido ya koma kan manyan jiragen dakon kaya. Jirgi idan ya sauke kaya yakan zuƙi dubban tan na ruwan teku a cikinsa don ya daidaita nauyi, ya je wata tashar ya zubar. An lura cewa a ƙasashe da dama cutar saɓulewar nama kusa da tashar jiragen ruwa ta fara ɓulla, wani lokaci ma a inda igiya ba za ta iya kai ta ba. Akwai yarjejeniyar duniya da ta fara aiki a watan Satumban 2017 da ta wajabta wa jirage tace wannan ruwa kafin su zubar, amma gwajin da aka yi a Amurka ya nuna hasken da wasu jirage ke kashe ƙwayoyin cuta da shi bai hana wannan cutar kamawa gaba ɗaya ba. Zuwa yanzu a Karibiyan da kewayenta kawai aka tabbatar da ita. Tsakaninta da tekun Fasifik mashigin Fanama ne, mai tsawon kimanin kilomita 80, da jirage fiye da 10,000 ke ratsawa kowace shekara, kuma daga can hanya a buɗe take zuwa tuddan Ostireliya da Indunusiya da Filifin, inda kaso mai tsoka na murjanin duniya yake.